Sanda, Doka da Halacci: Sunayen Ɗan Sanda a Unguwar Hausawan Yawunde

Kalmar halacci tana da fuska biyu a Hausa. A bakin malamai da 'yan jarida, halacci shi ne abu ya tsaya bisa ƙa'ida, kamar yadda ake cewa gwamnati mai halacci ga wadda ta hau mulki ta hanyar da doka ta yarda. A bakin mutanen gari kuwa halacci hali ne: wanda aka ba amana ya riƙe, aka yi masa rana bai rama da dare ba, shi ake cewa ya yi halacci, wanda ya saɓa kuma a kira shi butulu. Aikin ɗan sanda ba ya tsayuwa sai da su biyun. Na farkon takarda ce ke ba shi, da hatimi da sa hannun hukuma. Na biyun mutanen da yake tsaro ne ke ba shi, su ne kuma ke janyewa ran da ya ci amanarsu.

A ƙasar da jama'arta suka rarrabu ta fuskar harshe da addini da yanki, halacci na biyun ya fi wuyar samu. Mutum na hango kaki da hula, tun bai tuna abin da doka ta ce ba, zuciyarsa za ta tambaye shi: wannan na wa ne? Amsar da ya ba kansa ita ce za ta sa ya kai ƙara ko ya haɗiye, ya ba da shaida ko ya ce bai ga komai ba. Ana gane amsar nan daga sunayen da jama'a ke kiran ɗan sanda da su, da kuma sunayen da hukuma ke kiran jama'a. Unguwar Briqueterie ta birnin Yawunde a Kamaru ta tara irin waɗannan sunaye cikin harsuna da dama.

Briqueterie, wadda mazaunanta ke gajartawa su ce Brik, tana gunduma ta biyu ta Yawunde, tana maƙwabtaka da kasuwar Mokolo da unguwar Tsinga. Sunan na Faransanci ne, ma'anarsa matoyar tubali, domin a nan aka riƙa gasa tubalin gini tun zamanin Jamusawa, waɗanda suka kafa sansani a Yawunde a ƙarshen shekarun 1880. Mutanen Ewondo, masu ƙasar tun asali, Ekudu suke kiran wurin. Fatake Hausawa sun biyo hanyar Adamawa ta Tibati da Yoko suka gangaro kudu neman hauren giwa da roba da goro, wasu suka sauke kaya suka zauna, a zamanin Faransawa kuma mazauninsu ya tabbata a nan. Yau unguwa ce ta masallatai da teloli, ta masu sayar da atamfa da shadda, ta mahauta da masu tsire, wanda mutanen kudu ke kira soya. Ban da Hausawa akwai Fulani da Barebari da Larabawan Shuwa da Kotoko da Bamun, ga baƙi daga Nijeriya da Nijar da Cadi da Mali da Senegal. Babbar makarantar horar da hafsoshin 'yan sandan ƙasar ma ba ta da nisa da unguwar.

Hausa tana da sunaye uku na mai kama mutane da izinin hukuma, kowanne da abin da yake jingina shi gare shi. Mafi daɗewa shi ne dogari, mai riga ja da kore, wanda ikonsa ya rataya ga mutum ɗaya, wato sarki. Dogari ba ya buƙatar ya nuna takarda, rigarsa ta isa. Talaka kan raba sarki da hannunsa ya ce ba a mugun sarki sai mugun bafade, amma masu jihadi ba su karɓi wannan uzuri ba. A cikin Kitabul Farƙ, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya lissafa haraje-haraje na zalunci da karɓar gaisuwa a cikin abubuwan da suka zubar da halaccin sarakunan Haɓe. Har yau lamiɓe na arewacin Kamaru suna da dogarai, an kuma daɗe ana koke a kan na Rai Buba saboda duka da tsare mutane.

Na biyu shi ne ɗan doka, ɗan sandan En'e, wanda Turawan Ingila suka tsara a masarautun Arewacin Nijeriya daga shekarun 1920. Sunansa ya jingina shi ga doka, kuma ɗan gari ne, ya san harshe, ya san gidan kowa. Duk da haka magoya bayan jam'iyyar NEPU a shekarun 1950 sun ɗanɗana kuɗarsu a hannun 'yan doka da kotunan alƙalai, har sunan ya koma yana nufin hannun jam'iyya mai mulki. A ƙarshen shekarun 1960 gwamnatin soja ta Yakubu Gowon ta narkar da su cikin rundunar tarayya. Tarihinsu ya nuna cewa zama ɗan gari kaɗai ba ya sa a yarda da mutum.

Na uku shi ne ɗan sanda, ɗan sandan gwamnatin Turawa, wanda ba a jingina shi ga sarki ko ga doka ba, sai ga kulkin da ke hannunsa. A cikin ukun, shi ne sunan da ya wanzu ya game ƙasar Hausa. Harshe ya ajiye abin da ido ya fara gani.

Akwai dalilin da ya sa kulki ya riga doka shiga ido. Turawan mulkin mallaka sun ginu a kan dabara ɗaya: a sa baƙo ya tsare baƙo. A 1863 John Glover ya kafa runduna mai makamai a Legas da Hausawa, da yawansu bayi ne da suka gudo daga hannun iyayengijinsu. An kai irinsu Gwalkwas yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874, Sarki Leopold na Beljiyam ma ya ɗebi Hausawa zuwa Kwango. An zaɓe su ne don ba su da dangi a inda za su yi aiki, babu wanda za su ji nauyinsa. Jamusawa sun bi wannan sawu a Kamaru: rundunar 'yan sandan da suka kafa a 1891 ta dogara da bayin da aka sayo daga Dahomey, waɗanda suka yi bore a Duwala a watan Disamba na 1893 bayan muƙaddashin gwamna Leist ya sa an yi wa matansu bulala a gabansu. Hausawa sun ce tsoro na daji, kunya na gida. Rundunar mulkin mallaka an gina ta ne da gangan a kan tsoro, aka cire kunya daga cikinta. Bahaushen Briqueterie da yau yake jin kansa baƙo a gaban kaki, ya kamata ya san cewa an yi zamanin da Bahaushe ne ke cikin kakin, wasu kuma ke jin baƙunci a garinsu.

A Kamaru ta yau masu kaki iri-iri ne. Akwai 'yan sanda, ƙarƙashin hukumar tsaron ƙasa da ake kira DGSN, wadda ke amsa umarni kai tsaye daga fadar shugaban ƙasa, aka kuma naɗa Martin Mbarga Nguélé shugabanta a 2010. Akwai jandarmomi, gadon Faransa, waɗanda sojoji ne masu aikin 'yan sanda. Akwai rundunar BIR, wadda aka kafa a 2001 don yaƙi da 'yan fashin hanya. Sunan da doka ta ba ƙaramin ɗan sanda kyakkyawa ne ƙwarai: "gardien de la paix", wato mai gadin zaman lafiya. A titi kuwa ba haka ake kiransa ba. A gabansa ana ce masa "chef", kamar yadda Bahaushe zai ce yallaɓai. A bayansa matasa na ce masa "mbéré", kalmar da ake dangantawa da hular da yake sawa. Direbobin tasi suna ce masa "mange-mille", maci-dubu, saboda takardar sefa dubu, jaka guda a lissafin 'yan kasuwa, da ake miƙawa a shingen hanya. Sunan ya yi amo ɗaya da sunan Faransanci na janbaki, tsuntsun da ke sauka garke-garke a gonar gero ya bar manomi da kara. Wanda ya ƙirƙiro shi ya yanke hukunci a kan aikin gaba ɗaya, a ƙasar da ƙungiyar Transparency International ta sa a sahun farko na cin hanci a duniya a 1998 da 1999. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari, domin direban da takardunsa ba su cika ba shi ma yana neman mai karɓa. Sai dai wanda aka ba amanar doka shi ke da babban kaso na laifin.

Kasuwar Mokolo tana da nata sunaye. Masu talla a bakin titi ana kiransu "sauveteurs", daga kalmar da ke nufin sayar da kaya cikin shirin gudu. Jami'an birni masu kwashe kayansu kuma "awara" ake ce musu. A shekarun da Gilbert Tsimi Evouna ya jagoranci hukumar birnin, an yi rusau a unguwanni da dama, Briqueterie na ciki, kuma da rakiyar masu kaki ake zuwa. Sana'ar da sunanta ya ƙunshi gudu tana faɗin yadda mai ita ya san hukuma: yana ganinta ran kwashe kaya, ba kasafai yake ganinta ran da aka yi masa sata ba.

Hukuma da sauran jama'a su ma suna raɗa suna. A kudancin Kamaru, duk Musulmin da ya sa doguwar riga da hula "Haoussa" ne, ko Bafulatani ne ko Babarbare, ko da Fulatanci ya fi ji. Ana kuma ce masa "maguida", daga mai gida na Hausa, kalmar girmamawa da ta koma laƙabin jinsi. Kundin tsarin mulki na 18 ga Janairu 1996 ya yi alkawarin kare ƙananan ƙabilu da 'yan asalin wuri, waɗanda ya kira "autochtones", ya kuma tanadi cewa shugaban majalisar kowane yanki ya zama ɗan asalin yankin. Inda aka ambaci ɗan asali, an haifi kishiyarsa, wato "allogène", ɗan zuwa. Ta wannan ma'auni, wanda kakansa aka haifa a Briqueterie yana iya zama ɗan zuwa a Yawunde, alhali ba shi da wani gari da zai koma.

Wannan ya fi ciwo a wajen katin shaidar ɗan ƙasa, domin a Kamaru 'yan sanda ne ke bayar da shi, su ne kuma ke tambayarsa a hanya. Hannun da ke kama mutum shi ne hannun da ke tabbatar da cewa ɗan ƙasa ne. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1968 ba ta yarda babba ya riƙe ƙasa biyu ba, ga shi sunaye irin su Garba da Ɗanladi da Hadiza ana samunsu a Garwa kamar yadda ake samunsu a Kano da Maraɗi. Saboda haka mai irin wannan suna yakan sha tambayar da maƙwabcinsa ba ya sha: ina aka haifi ubanka? An yi shekaru mutane da yawa a faɗin ƙasar suna yawo da rasit ana ta ƙara masa wa'adi, katin bai fito ba. A daren samame, wanda ake kira "rafle", in an rufe hanyoyin unguwa ana neman takardu, rashin wannan kati ya isa ya kwanar da mutum a caji ofis.

Abubuwa biyu a tarihin ƙasar sun ƙara wa sunan ɗan arewa nauyi. A zamanin Shugaba Ahmadu Ahijo, Bafulatanin Garwa, mutanen kudu da yawa suna kallon rundunar tsaron fadarsa a matsayin ta 'yan arewa, suna kuma tuna murƙushe jam'iyyar UPC, da dokar hana zagon ƙasa ta 1962, da 'yan sandan ciki na Jean Fochivé, da kurkukun siyasa na Tcholliré da Mantoum. Ahijo ya sauka a watan Nuwamba na 1982, Paul Biya ya gaje shi. Ranar 6 ga Afrilu 1984 wani ɓangare na wannan runduna ya yi yunƙurin juyin mulki, aka yi ta musayar wuta a Yawunde, yunƙurin ya ci tura. An harbe mutane da dama a Mbalmayo bayan shari'ar soja, aka rushe rundunar, aka tsare wasu har zuwa afuwar 1991. Cikin 'yan kwanaki tambayar "na wa ne?" ta sauya amsa: kakin da kudu ke gani na arewa ya koma wanda arewa ke gani na kudu. Ahijo ya rasu a Dakar a 1989, har yau kabarinsa na can, kuma batun dawo da gawarsa bai mutu a bakin 'yan arewa ba.

Na biyu shi ne yaƙin Boko Haram, wanda Shugaba Biya ya shelanta a watan Mayu na 2014. Barazanar gaskiya ce, Musulmin Arewa Mai Nisa kuma suna cikin waɗanda suka fi shan wuyarta. Bayan harin ƙunar baƙin wake a Fotokol a watan Yuli na 2015, an hana sa niƙabi a yankin. Gemu da ɗage wando da allon almajiri, waɗanda alamun ibada ne a wurin masu su, sai suka zama abin tuhuma a idon mai bincike. A watan Disamba na 2014 an kama mutane fiye da 200 a ƙauyukan Magdeme da Double, gwamnati da kanta ta amsa cewa 25 daga cikinsu sun mutu a tsare. Irin wannan labari yana isa Briqueterie ta bakin dangi da direbobi. Asararsa kuma ta tsaro ce kai tsaye, domin wanda ya fi kowa sanin baƙuwar fuska a masallaci shi ne limami da mai unguwa, kuma ba za su yi magana da wanda suke tsoro ba.

Yankunan masu magana da Ingilishi sun nuna inda rikicin alama ke kaiwa in an ƙyale shi. Bayan haɗewarsu da ɓangaren Faransa ranar 1 ga Oktoba 1961, mutanen Buea da Bamenda, waɗanda suka saba da ɗan sanda irin na Ingila, sun wayi gari da jandarma mai bindiga yana ba da umarni da Faransanci. An soke tarayya a 1972, tuta mai taurari biyu ta koma mai tauraro ɗaya a 1975, a 1984 kuma aka mayar wa ƙasar sunan da ɓangaren Faransa ke da shi kafin haɗewa. Daga nan mutanen yankin suka riƙa kiran gwamnati "La République", kamar suna ambaton wata ƙasa. A watan Nuwamba na 2016 jami'an tsaro suka tarwatsa zanga-zangar lauyoyi a Buea, suka ƙwace musu rigunan shari'a da hulunan gashi, alamun tsarin shari'ar da suka fito karewa. Shekara guda bayan haka rikicin ya zama na bindiga, an kashe fararen hula da yawa, an kashe 'yan sanda da jandarmomi. A watan Oktoba na 2021 wani jandarma ya harbi mota a Buea ya kashe yarinya 'yar makaranta, jama'a suka kashe shi nan take. Inda aka daina sa ran hukunci daga hukuma, taron titi ne ke zama alƙali, shi kuwa ba ya sauraron shaida.

Ailan ta Arewa ta gwada wata hanya. Rundunar 'yan sandanta ta RUC, wadda aka kafa a 1922, tana da kalmar sarauta a sunanta da kambin Birtaniya a bajonta. Furotesta na ganinta garkuwa, sun kuma binne jami'anta fiye da 300 da aka kashe a rikicin yankin. Katolika na ganinta hannun ɗaya ɓangaren, kasonsu a cikinta bai wuce kusan 8 cikin 100 ba. Bayan yarjejeniyar sulhu ta 1998, kwamitin Chris Patten ya fitar da shawarwari 175 a 1999. A watan Nuwamba na 2001 aka sauya sunan zuwa PSNI, aka yi sabon bajo mai ɗauke da alamun ɓangarorin biyu, aka riƙa ɗaukar sababbin jami'ai rabi Katolika rabi saura har 2011, lokacin da kason Katolika ya kai kusan 30 cikin 100. Iyalan waɗanda aka kashe sun ji zafin cire sunan, kuma zafinsu ba na wasa ba ne. Abin da ya sa sauyin ya kama ƙasa shi ne ya zo tare da ofishi mai zaman kansa na binciken ƙorafi da hukumar sa ido mai wakilan jama'a. Duk da haka sai a 2007 jam'iyyar Sinn Féin ta ɓangaren Katolika ta amince da rundunar.

Inda aka sauya suna aka bar hali, sakamakon daban ne. Afirka ta Kudu ta mayar da rundunarta ta 'yan sanda hukumar hidima a 1995, amma a Marikana a 2012 jami'anta suka harbe ma'aikatan ma'adinai 34. Nijeriya ta rushe rundunar 'yan sanda ta SARS ranar 11 ga Oktoba 2020, bayan kwana biyu ta sanar da SWAT, masu zanga-zangar adawa da SARS ba su koma gida ba. Sabuwar alama tana buɗe ƙofa ga wanda tsohuwar ta kora, amma ma'anarta tana zuwa ne daga abin da masu sanye da ita suka aikata bayan an ɗinka ta.

Kamaru tana da nata kayan gyara. Tun zamanin Ahijo akwai tsarin daidaiton yankuna, wanda ke raba guraben shiga makarantun gwamnati da aikin hukuma, don haka ana samun ɗan Marwa da ɗan Ngaundare cikin kaki. Dokar 1977 ta sa sarakuna da masu unguwanni su zama mataimakan hukuma. Kundin bin shari'ar laifuka da ya fara aiki a 2007 ya ƙayyade tsarewar caji ofis ga sa'o'i 48, ba a ƙarawa sai bisa sharaɗi, azabtarwa kuma laifi ce a dokar ƙasa tun 1997. Masanin nan Tom Tyler na Amurka ya nuna a littafinsa na 1990 cewa mutane sun fi bin doka idan suka ga ana yi musu adalci wajen aiwatar da ita, fiye da yadda tsoron hukunci ke sa su bi. Adalcin nan abubuwa ne ƙanana da ake iya gani: a saurari mutum kafin a yanke, a gaya masa dalilin tsayar da shi da harshen da yake ji, Hausa ko Fulatanci ko Ewondo ko Ingilishi, a tambayi mai hula abin da aka tambayi marar hula, kada a ci mutuncin dattijo a gaban 'ya'yansa, a karɓi ƙara ba tare da neman kuɗin mai ba.

Nauyin bai tsaya a kan hukuma kaɗai ba. Unguwar da ke ɓoye ɓarawo don nata ne, ko take hana 'ya'yanta karatun da zai kai su makarantar 'yan sandan da ke kusa da ita, ko take sakaci da yi wa jarirai takardar haihuwa, tana taimakawa wajen tabbatar da baƙuncinta. Limamai da masu unguwanni da ƙungiyoyin 'yan kasuwar Mokolo suna da bakin da za su kai koke a dunƙule, su bi shi har a ga ƙarshensa. Amma babban nauyin yana kan mai riƙe da sanda, domin shi aka ba albashi da makami da sunan mai gadin zaman lafiya. Ma'aunin aikinsa a Briqueterie a bayyane yake: yawan mutanen da, in an yi musu sata ko an zalunce su, za su nufi caji ofis da ƙafarsu suna sa ran a bi musu hakkinsu, ba tare da sun fara neman wanda ya san wani a ciki ba.